Amsa ga Manomin da Ya Daina Fita

Wasiƙar wannan mako ta fito daga wani ɗan'uwa a ƙasar Bici. Ya ce ya ci bashin taki, ruwa ya ɗauke da wuri, wuta-wuta ta cinye sauran geron. Yanzu kunya ta hana shi shiga kasuwar Badume, har sujada ya daina zuwa. Yana tambaya, shin Allah yana ganinsa kuwa?

To ɗan'uwa, buɗe Littafin Mahukunta, wanda wasu ke kira Alƙalawa, sura 6. Shekara 7 Madayanawa suna zuwa da raƙumansu kamar fara, suna lalata amfanin gonar Isra'ilawa. Dattawan Bici da suka ga farin 1973 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 sun san irin wannan baƙin ciki.

Ina Gidiyon yake sa'ad da mala'ikan Ubangiji ya zo masa? Yana ɓoye a wurin matse inabi, yana sussukar alkama. Kai manomi ne, ka san sussuka da shiƙa aikin fili ne, inda iska take. Tsoro ne ya kai shi can. A nan mala'ika ya same shi, ya kuma kira shi jarumi! Gidiyon bai yi godiya ba, ƙorafi ya yi, ya tambaya in Allah na tare da su, don me wannan masifa ta same su. Kusan tambayarka ke nan, kuma ba a tsawata masa ba. An ce masa kada ya ji tsoro, ba zai mutu ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, tsoron bai tafi a ranar ba. Da aka umarce shi ya rushe bagaden Ba'al na mahaifinsa, da dare ya je, da mutum 10, don yana tsoron mutanen gari. Amma dai ya je.

Kai ma kada ka jira sai gabanka ya daina faɗuwa. Nemi dattijo ɗaya na ikkilisiyarku ya raka ka wurin mai bashin, ko da bayan almuru ne. Gaya masa abin da ke cikin rumbunka, ku yanke abin da za ka iya biya yanzu da wanda zai jira kaka. Ran Lahadi kuma ka je sujada, ko a bencin baya ka zauna.

Ka sake rubuto mana mu ji yadda kuka yi. Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.