Kuɓucewar Fitsari Ba Abin Kunya Ba Ne



Akwai tsofaffinmu, maza da mata, da fitsari ke kuɓuce musu in sun yi tari ko dariya. Don kunya sai su bar kasuwa da masallaci, su rage shan ruwa. Larura ce, kuma tana da magani.

A ƙasar Turkiyya, likitoci sun auna ƙarfin zuciyar tsofaffi masu wannan larura da lambobi. Ku ma ku ɗauko littafinku. Ku tambayi kanku: "Ina iya riƙe fitsari in na yi tari? Ina iya riƙe shi har bayan gida?" In ba ku iyawa, ku rubuta 0. In kun tabbata, 10. In tsaka-tsaki ne, 5.

Kullum sau 3, ku matse naman da ke tsai da fitsari, ku saki, har sau 10. Bayan wata 3 ku sake aunawa. In lambar ba ta hau ba, ku kai wa likita littafin, a Korgom ko Tasawa.

Mace mai yoyo dare da rana tun haihuwa mai wuya, aiki take bukata. Ana yin sa a Danja, kusa da Maraɗi, tun 2012.

Allah ya ƙara lafiya.