HAZON HUNTURU DA HASKEN DA IDO BA YA GANI

Jawabin wayar da kai ga jama'ar Dogo Nini, Potiskum, Jihar Yobe

Abin da ya tara mu yau ba baƙo ba ne gare ku. Kowace shekara, daga wajen watan Nuwamba har zuwa Maris, iskar arewa maso gabas ta kan kawo mana hazo, rana ta koma kamar farin wata, leɓe ya tsattsage, direba ya kasa hango abin da ke gabansa. Wannan kowa ya san shi da idonsa. Nufinmu shi ne mu bayyana wani aikin hazo wanda ido ba ya gani, domin da saninsa ne hukuma ta ke iya yi muku gargaɗi tun hazon bai iso ba.

Inda ƙurar ta ke fitowa

Babban tushen ƙurar nan wani kwari ne a arewacin ƙasar Chadi, ana ce da shi Bodele, kusa da garin Faya, kimanin kilomita 1,000 daga nan. Shekaru dubbai da suka wuce Tafkin Chadi ya malala har can. Da ruwan ya janye, sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin tuwo. Iska ta kan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, yadda ruwa ke matsowa a indararo, ta kwashi garin nan, ta haɗa da ƙurar yumɓu da ta rairayi. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai ga shi bisa kanmu, wani ma ya kan ƙetare teku har Amurka ta Kudu.

Hasken huci

A shekarar 1800 wani masani a Ingila mai suna William Herschel ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya fito launi launi kamar bakan gizo. Ya sa ma'aunin zafi a kowane launi, sa'an nan ya gusa da shi gaba da ja, inda ba a ganin kome. Sai ma'aunin ya hau fiye da ko'ina. Ashe akwai haske a wurin, ido ne kawai ba ya kama shi. Shi ne za mu kira hasken huci.

Ku ma kun san shi da fatar jikinku. Shi ku ke ji a fuska in kun zauna daura da garwashi, shi ne kuma katangar ƙasa ta ke fitarwa bayan magariba, alhali rana ta riga ta faɗi. Kowane abu mai ɗumi yana fitar da shi: mutum, saniya, kwalta, har doron ƙasa duka. Da rana ƙasa tana shan zafi, da dare kuwa tana mayar da shi sama ta hanyar hasken nan. Da haka ne gari ke yin sanyi kafin asuba.

Haske tafiya ya ke yi igiya igiya, kamar ruwan tafki in an jefa dutse. Ana auna tsawon igiyarsa da maikiron, watau kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kai guda ya kan kai wajen maikiron 70. Igiyar hasken da mu ke gani ba ta kai maikiron ɗaya ba. Ta hucin ƙasa kuwa wajen maikiron 10 ce. A sararin sama akwai wata kafa, tsakanin maikiron 8 da 13, wadda hucin ƙasa ke fita ta cikinta ba tare da iska ta tare shi ba. Masana suna kiranta taga.

Rumfa da rana, mayafi da dare

To, a nan ne ƙura ta ke shigowa. Ƙananan ƙwayoyinta suna warwatsa hasken rana, su mayar da wani sama, shi ya sa ranar hazo ba ta da zafi, inuwar mutum ma ba ta fita sosai. Wannan shi ne aikinta na rumfa. Amma rairayi da yumɓun da ke cikinta suna da wata ɗabi'a: suna shanye hasken huci na wajen maikiron 9 zuwa 10, watau daidai tsakiyar tagar nan. Manyan ƙwayoyin su suka fi ƙarfi a wannan aiki. In sun sha hucin, sai su mayar da wani kaso ƙasa. Wannan shi ne aikinta na mayafi.

Kada a ce, to, me ya sa a ke jin ɗari cikin hunturu? Dalili biyu ne. Na farko, iskar da ke kawo ƙurar ita kanta mai sanyi ce. Na biyu, busasshiya ce, ba ta da laimar da ke riƙe zafi da damina, mayafin ƙura kuwa bai kai bargon gajimare kauri ba. Amma in aka gwada dare biyu masu iska iri ɗaya, wanda hazo ya washe taurari suka fito tas shi ya fi tsananin sanyi da asuba.

Ba zato ba ne wannan. A shekarar 2006 an kafa na'urori a filin jirgin sama na Yamai, a Jamhuriyar Nijar. Da wata babbar ƙura ta taso cikin watan Maris na shekarar, aka auna ta daga ƙasa da kuma daga sama a lokaci guda. Aka tarar hasken rana da ke isowa ƙasa ya ragu ƙwarai, hucin da ke tserewa sama shi ma ya ragu, amma aikin rumfa ya rinjayi aikin mayafi.

Yadda a ke hango hazo tun yana nesa

A da, masu duban yanayi a Nijeriya sun dogara ne ga rahoton da a ke aikowa daga Faya. In an ce ƙura ta tashi can, sai su yi lissafin isowarta Kano. Daga sama kuwa da wuya a bambanta ƙura da hamada da hasken ido, domin launinsu kusan ɗaya ne, da dare ma ba a ganin kome. Hasken huci shi ya warware matsalar. Taurarin ɗan'adam na Meteosat, waɗanda aka harba na farkonsu a 1977 aka kuma soma harba samfurinsu na biyu a 2002, suna auna hucin ƙasa a igiyoyi dabam dabam, har da na maikiron 10.8 da na 12. Ƙura ta fi tare na farko, gajimaren sama mai ƙanƙara kuwa ya fi tare na biyu. In an gwada su, sai ƙura ta fito da launinta a hoto, dare da rana, a ga inda ta tashi da inda ta dosa. Irin waɗannan hotuna, tare da awon tashoshin ƙasa, su ne Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, wadda aka kafa a 2003, ta ke dubawa kafin ta ba da sanarwa.

Abin da ya rage gare mu

Potiskum gari ne na hanya da kasuwa. Manyan motoci suna fita daga nan zuwa Kano, Bauchi da Maiduguri, ga kuma masu ɗaukar shanu zuwa kudu. Saboda haka muna roƙonku abubuwa huɗu.

Na ɗaya, direbobi su saurari sanarwar yanayi a rediyo. In an ce hazo mai kauri yana tafe, a rage gudu, a kunna fitila ko da rana, kada a tsaya bisa kwalta.

Na biyu, ranar da ƙura ta sauka, masu asma da tsofaffi da ƙananan yara su rage fita, a rufe hanci da baki, a rufe abinci da ruwan sha. Lokacin rani lokacin sanƙarau ne. Annobar 1996 ta kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan. A kai yara rigakafi, wanda kuma zazzaɓi ya kama da sanƙarewar wuya a garzaya da shi asibiti.

Na uku, daren da sama ta washe a shirya wa ɗari. A lulluɓe jarirai, a kāre ƙananan dabbobi, amma kada a kwana da garwashi cikin ɗaki a rufe, gama iskarsa tana kisa ba a ji ba, ga kuma haɗarin gobara.

Na huɗu, masu faifan sola su riƙa goge shi, domin ƙurar da ta tare rana a sama ta kan sake tare ta a bisa gilashin.

Jama'a, ba mai iya hana iskar hunturu kaɗawa, amma Allah ya hore wa ɗan'adam ilmin ganinta tun tana nesa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Wassalam.