Samaru: Kasuwar da Ke Ƙofar Jami'a

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



An nemi mu yi tsokaci a kan tarihin Samaru da halinta. Duk mai son fahimtar garin nan, sai ya fara da gona kafin jami'a. A shekarar 1922 ne Turawan mulki suka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta yau. Ita ta fara jawo leburori da akawuna da malaman gona, masu tuwo da masu tireda kuma suka biyo su. Har yanzu irin masara da wake da gyaɗa da auduga da cibiyar ke fitarwa suna ɗauke da sunan garinmu: SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT da SAMCOT. Manomin da bai taɓa taka Zariya ba, yana shuka sunan Samaru a gonarsa.

A shekarun 1950 aka kawo kwalejin fasaha da kimiyya, sannan ranar 4 ga Oktoba, 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a harabarta. Tun daga ranar, titin Sakkwato ya raba mu gida biyu: can ɗakunan lacca, nan kasuwa. Amma ko kusa bai raba cinikinmu ba.

Halin Samaru shi ne tafiya da buƙatar ɗalibi. Iyayenmu sun ga zamanin masu tafireta da ke kwana suna buga kundin digiri. Mu muka ga shagunan kwamfuta da na intanet, ga su kuma sun ba masu gyaran waya da masu POS wuri. Mai shayi da mai tsire da tela da mai ɗaurin littafi kuwa suna nan inda muka bar su. A layi guda za ka ji Hausa da Yarbanci da Ibo da Tibi, kowa na cin abincinsa. Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shi ya sa ɗan acaɓar Samaru ya san lokacin jarrabawa kamar shi zai rubuta.

Sai dai, jama'a, wannan kusanci yana da ɗaci. Da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata tara a 2020, suka sake yin na wata takwas a 2022, mun ga abin da ya faru: ɗakunan haya a kulle, tukwanen abinci a kife, 'yan kasuwa suna cin jarinsu. Garin da ke da mai saye guda ɗaya, ranar da ya tafi hutu sai a kwana da yunwa.

Don haka muna roƙon abu uku. Na farko, masu hali daga cikinmu su zuba jari a sana'ar da ba ta jiran ɗalibi, kamar sarrafa amfanin gona da fata, tunda cibiyoyin binciken duka biyun suna maƙwabtaka da mu. Na biyu, mu haɗa hannu wajen gyaran magudanan ruwa daga kasuwa har Hayin Dogo kafin damina ta faɗi. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, mu ƙarfafa asusun tallafin karatu. Abin kunya ne yaro ya tashi yana tallar gyaɗa a ƙofar jami'a, ya girma bai taɓa shiga ajinta ba.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ma'aji yana nan da littafinsa a bakin ƙofa.

Allah Ya albarkaci Samaru, Ya mai da kowa gidansa lafiya.