RAUNIN DA BA YA ZUBAR DA JINI



Da yawa daga cikinmu mun ga fim ɗin Lion of the Desert na Mustafa Akkad, watau labarin Umar Mukhtar wanda Italiyawa suka rataye a Libiya cikin 1931. Muna ƙaunarsa domin ya nuna mana gwarzon da zuciyarsa ba ta raurawa ba. Amma yau ina so mu dubi wani fim na yaƙin hamada, Lawrence of Arabia, wanda David Lean ya shirya a 1962, domin shi ya nuna irin ɓarnar da yaƙi kan yi wa zuciyar mayaƙi.

Labarin wani hafsan Ingila ne, T. E. Lawrence, wanda ya shiga cikin Larabawa sa'ad da suka yi wa Turkawa tawaye a Yaƙin Duniya na Ɗaya, har suka ci garin Akaba a 1917, suka shiga Dimashƙa a 1918. Masana tarihi sun ce an yi wa labarin ƙarin gishiri, kuma hujjar Turawan mulkin mallaka ta mamaye shi. Duk da haka akwai darasi a ciki.

Ku dubi abu biyu. A tsakiyar rairayin Nafud, Lawrence ya koma shi kaɗai ya ceto wani mutum mai suna Gasim wanda ya ɓace. Ba a daɗe ba sai Gasim ya kashe wani daga wata ƙabila, Lawrence kuwa ya harbe shi da hannunsa don kada rundunar ta watse. Da ya isa Alƙahira sai ya shaida wa shugabansa cewa abin da ya firgita shi shi ne ya ji daɗin kisan. Daga baya, kusa da ƙauyen Tafas, ya ba da umurni kada a bar kowa da rai cikin sojojin Turkawa masu janyewa. Mutumin da ya sadaukar da ransa domin rai guda, ga shi jini har gwiwar hannu. Shi Lawrence na gaskiya ma, bayan yaƙi sai ya sake suna, ya shiga rundunar sama a matsayin ƙaramin soja a 1922, ya mutu a hatsarin babur a 1935.

To, me ya haɗa wannan da mu? Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, gida ke kallon gida, babu dajin da mutum zai shiga ya ɓoye kukansa. Muna yara akwai wani dattijo, ɗaya daga cikin 'yan Arewa da Ingila ta kwasa zuwa Bama a Yaƙin Hitila. Noma yake yi kamar kowa, amma da an buga bindigar toka ranar salla sai ya kwanta rub da ciki tsakanin kunyoyin gero. Da dare duk unguwa na jin ihunsa. Manya suka ce iskoki ne, mu yara muka mai da shi abin tsokana. Har ya rasu ban ji wanda ya zauna ya tambaye shi abin da ya gani ba. Ina jin kunyar wannan har yau.

Wannan ciwo sananne ne ga likitoci. Tun 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya shi cikin littafinta. Alamominsa su ne mugun mafarki, firgita, saurin fushi da ƙaurace wa jama'a, kuma yana jin magani. Bayan 'yan Bama, mun karɓi waɗanda suka dawo daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ga kuma samarinmu da suka fafata a Barno da bakin Tafkin Cadi tun daga 2009.

Jama'a, gobe ku ne malaman makaranta, jami'an lafiya da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Idan irin wannan mutum ya dawo ƙauyenku, ku hana yara tsokanarsa, ku zauna ku saurare shi, ku fahimtar da iyalinsa, in abin ya tsananta ku raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Addu'a da magani ba sa karo da juna.

Allah Ya ba mu zaman lafiya.