Rage Ƙiba da Ciwon Suga: Abin da Ke Biyo Bayan Shekarar Farko



Maganata ta taƙaita ne ga ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya. An daɗe ana ɗauka cewa in ya shiga jiki, sai dai a yi ta ƙara ƙwayoyi har a kai ga allura. Binciken DiRECT da Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow suka jagoranta a Birtaniya ya sa dole a sake lale. Sun ɗauki masu ƙiba waɗanda ciwonsu bai wuce shekara 6 ba, suka ɗora su kan abinci mai ruwa-ruwa na kalori kusan 850 a rana har wata 3 zuwa 5, sannan aka riƙa dawo musu da abinci kaɗan-kaɗan. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna bayan shekarar farko kashi 46 cikin 100 sugansu ya daidaita ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86 ne. A bayanin Taylor, kitsen da ya taru a hanta da gaɓar da ke samar da insulin shi ke hana su aiki, in ya narke sai su farfaɗo.

Amma da aka cika shekara biyu, adadin ya sauko zuwa kashi 36, galibi saboda nauyin ya dawo. A nan gizo ke saƙar, kuma nan ne nake ganin asibitocinmu suka fi sakaci.

Me muke gaya wa majinyaci? Ya bar shinkafa, ya koma acha da alkama. Sai ya je gida ya zauna gaban malmala uku ta tuwon alkama, hankalinsa kwance. Alhali alkama da acha da gero duk suna komawa suga a jini. Yawan abin da aka ci shi ne kan gaba. Gara malmala ɗaya da miyar kuɓewa ko zogale mai yawa, da wake ko kifi, a kuma yi sallama da lemon kwalba da shayi mai cokali huɗu na suga. Sannan maigida ba shi ke riƙe da ludayi ba. In ba a zaunar da uwargida an yi mata bayani ba, takardar tsarin abincin da aka ba shi a aljihu za ta ƙare.

Motsa jiki bai buƙatar kuɗi: minti 150 a mako, wato tafiya da sauri ta rabin awa sau biyar. Matar da ba ta fita za ta iya yin nata a tsakar gida.

Sai dai a yi hattara. Da yawa cikin majinyatanmu ramammu ne tun farko, ba su da kilo 15 na zubarwa, kuma tilasta musu yunwa cutarwa ce. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin kuma, in ya rage ci bai rage magani ba, sugansa na iya faɗuwa, ya kama gumi da rawar jiki har ya suma. Shi ya sa nake ba da shawarar a riƙa auna nauyi duk zuwa asibiti, a yi gwajin suga na HbA1c duk wata 3 zuwa 6, likita ya daidaita magani da abin da ma'auni ya nuna.