Furen da sai ya sha sanyi yake fitowa

Yau labarin wani fure na kawo muku, wanda ya ba ni wahala lokacin da nake karatun digiri na biyu a Ingila, ina aikin sa-kai a lambun unguwarmu. Turawa suna ce masa foxglove, masana kuma Digitalis purpurea.

Irinsa ƙanana ne sosai, kamar ƙura. Kuskurena na farko, na binne shi yadda muke binne gero. Shiru. Ashe haske yake so kafin ya tsiro. Barbaɗa shi ake yi a saman ƙasa mai laima, a ɗan danna, kada a rufe. A watan Yuni na sake gwadawa, cikin sati uku sai ga shi ya fito.

To, ga inda haƙuri ke shigowa. Shekarar farko ganye kawai yake yi, a kwance a ƙasa, ba fure ko ɗaya. Sai shekara ta biyu yake miƙa kara, wani har ya fi mutum tsawo, furanni na reto kamar ƙananan ƙararrawa.

Da hunturu ya kama, ni ɗan ƙasar zafi, sai tausayi ya kama ni. Na kwashe rabin tukwanen na kai ɗakina kusa da na'urar ɗumama ɗaki, kullum ina ba su ruwa. Wallahi ni na kashe su. Suka yi tsawo ba ƙarfi, gindinsu ya ruɓe. Waɗanda na bari a waje, cikin akwati mai murfin gilashi, ko gezau. Wata dattijuwa da muke aiki tare ta yi ta dariya, ta ce sanyi ba ya kashe shi, ruwan da ya kwanta a gindinsa ne ke kashe shi. Hasali ma sanyin ne ke sa ya yi fure. Abin da yake buƙata kaɗan ne: tukunya mai huji, ruwa sai ƙasa ta bushe, a cire ganyen da ya mutu, a riƙa duba dodon-koɗi.

Amma ku saurara da kyau, duk jikinsa guba ne, ganye, fure da iri. A 1785 wani likitan Ingila, William Withering, ya wallafa littafi kan amfaninsa a magani, kuma daga danginsa ake samun digoxin, maganin ciwon zuciya. Wannan aikin likita ne da ma'auni. Wanda ya dafa ganyen ya sha, yana iya tsayar da zuciyarsa. Shi ya sa da muka zo dashe, muka kai su can bayan lambu, nesa da kayan miya da wurin wasan yara, kuma kowa da safar hannu.

Tara suka tsira. A watan Yunin da ya biyo baya suka yi fure, ƙudan zuma na ta shiga suna fita.