Makon Tarbar Sababbin Ɗalibai

Duk shekara Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, takan tarbi dubban sababbin ɗalibai. A tara su, a ja musu kunne kan satar jarrabawa da ƙungiyoyin asiri, sannan a rantsar da su. Wannan ya dace.

Amma ku dubi yarinyar da ta sauka a ƙofar Samaru, akwati a ka, takardun rajista a hannu, ko hanyar Laburaren Kashim Ibrahim ba ta sani ba, balle asibitin makaranta. Tana buƙatar 'yar aji uku da za ta kama hannunta, ta kai ta sashenta, ta nuna mata inda abinci ke da sauƙi. Ya kamata kowace tsangaya ta tsara wannan tun makon farko.